Amsar Malam a Ƙarƙashin Ƙwarya

Mijina bai taɓa yarda da kalmar "da sauƙi" ba. Duk tsawon zamanmu, in zazzaɓi ya kwantar da shi aka zo dubiya aka ce, "Malam, yaya jiki?" sai ya tsaya ya yi nazari tukuna, sannan ya ce jiya ya fi jin daɗi, ko ya ce kan ya sake shi amma ƙafafun sun karɓa. Mai dubiya ya rasa inda zai sa kansa, ni kuwa ina ɗaki kunya kamar in nutse. In baƙi sun tafi sai in fito in sauke masa kwandon faɗa. Mutum ya tako tun daga unguwarsu, shi ba likita ba, ka ce masa da sauƙi ya yi maka addu'a ya kama gabansa, mene ne abin wahala a ciki? Shi kuma ya ce ya sha zuwa dubiya da hantsi a ce masa da sauƙi, kafin la'asar a kira shi jana'iza. Kalmar da mai mura zai faɗa, wanda ke gargara ma ya faɗa, a wurinsa ba ta ɗauke da labarin komai.

Malamin lissafi ne a sakandare. Ni Hausa nake koyarwa a firamare, kuma tun ina 'yar makaranta ba ma ga maciji da lissafi. Da aka yi aurenmu a Maigatari yake aiki, muka kama haya a wani gida da ba shi da nisa da kasuwar dabbobi, inda ranar kasuwa kukan shanu da ihun direbobi ba sa barin mutum ya ji maganar kansa. Aljihun rigarsa ba ya rabuwa da guntun alli. Na wanke alli a cikin kayansa har na gaji da mita. Ƙyauren kicin ɗinmu na langa-langa ne da ya yi tsatsa, shi Malam ya mayar allonsa, ni kuma ya mayar da ni ɗalibarsa ba tare da ya nemi izinina ba.

Alamomi biyu na sani tun firamare, < da >, baki buɗe yana fuskantar abin da ya fi yawa. Na ɗauka iyakarsu ke nan, ashe suna da dangi. Ranar da hannuna ya zarce a miya, na fito na tarar ya rubuta "gishirin yau" a hagu, "gishirin jiya" a dama, a tsakaninsu ya zana baki biyu a jere, ≫. Na ce wannan kuma in'ina allin ya yi? Ya ce a'a, baki ɗaya yana nufin ya fi, baki biyu kuwa yana nufin ya yi masa fintinkau, yadda ba a cewa bijimin sa ya ɗan fi bunsuru nauyi. In an juya su suka zama ≪, to na hagun ya gaza na daman nesa ba kusa ba. Na ce madalla, gobe sai ya shiga kicin ya dafa da kansa mu ga tasa alamar.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce wadda aka soke da layi. Wata rana na matsa masa ya faɗa mini tsakanin tuwona da na mahaifiyarsa wanne ya fi daɗi. Ya tashi ya rubuta nawa a hagu, na Inna a dama, ya sa ≮ a tsakani. Ya ce ma'anarta "bai gaza ba". Na fara murna na ce ashe dai nawa ya fi. Ya ce shi bai faɗa ba: mai yiwuwa ya fi, mai yiwuwa daidai suke, abin da alamar ta kore kawai shi ne gazawa. Na ce wannan ai wayon banza ne, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. 'Yar'uwarta ita ce ≯, "bai wuce ba". Akwai kuma ≲, baki da wata 'yar lanƙwasa a ƙarƙashinsa, wadda ake sa wa abin da ba a auna shi daidai ba, ya ɗan gaza ko kusan ɗaya ne, irin ruwan bana da na bara. Sai ≶, baki biyu ɗaya a kan ɗaya kowanne ya kalli gefensa, ko ya gaza ko ya fi, amma dai ba daidai ba. Wannan fushina yake sa wa, in ya dawo ya ga fuskata bai gane inda aka kwana ba.

Yawancinsu ba sa cikin abin da ake koya wa 'yan sakandare. A kwaleji ya gamu da su, ya ɗauke su ya riƙe. Yana cewa abin da yake so da su shi ne suna faɗin iya abin da mutum ya sani su tsaya nan, ba ƙari ba ragi. Aka yi ta yi masa canjin wurin aiki, daga Maigatari zuwa Gagarawa, daga can muka dawo Gumel muka zauna, kuma duk gidan da muka shiga sai ya samu ƙyauren da zai ɓata. 'Ya'yanmu mata biyu suka tashi suna ganin abin suna yi mana dariya, har suka yi aure suka bar mu da shirmenmu.

A cikin aji ciwon ya same shi. Yana rubutu a allo allin ya faɗi, ya sunkuya zai ɗauka, sai shi ma ya bi shi ƙasa. Hawan jini ne, wanda na yi shekaru ina faɗa a kan shan maganinsa. Daga asibitin Gumel aka tura mu Kano, muka dawo da mutumin da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Yana jin abin da ake faɗa, wannan ba na shakka, idonsa yana bin mai magana. Amma in ya buɗe baki sai wani sauti guda ya fito. Na ba shi biro a hannun hagu ko zai rubuta, haruffan suka ƙi zuwa, ya yi jifa da biron. Ko gyaɗa kai ba abin dogaro ba ne, don wani lokaci yakan gyaɗa a inda yake nufin a'a, sai ya ji haushin kansa ya juya fuska bango.

Masu dubiya kuwa ba sa yankewa. Kowa ya shigo ya ce, "Malam, yaya jiki?" sai wani na gefe ya amsa masa, "Da sauƙi." Ina kallon yadda jijiyar wuyansa take tashi. Mutumin da ya ƙi kalmar nan yana da lafiyar bakinsa, yau ga shi ana cusa masa ita safe da yamma, ba shi da ikon musantawa. Ni kaina na faɗe ta, me zan ce wa mutane? Amma wallahi duk faɗa ɗaya sai na ji kamar na ci amanarsa.

Wata safiya ina goge masa jiki na tambaye shi ciwon kafaɗar da ke hana shi sakat. Sai ya kama hannuna da hagunsa, ya buɗe tafin, ya sa ɗan yatsa ya ja layi biyu suka haɗu, sannan ya soke su. Na ɗauka hannun ne yake rawa. Ya sake, a hankali, yana kallona. Na ce, "Malam, ≮ ka zana? Bai ragu ba?" Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da bai shanye ba. Haruffa sun tafi, kalmomi sun tafi, amma waɗannan 'yan alamomin da na yi shekaru ina zagi suna nan daram. A ranar muka yi yarjejeniya irin ta ƙyauren kicin: ciwon yau a hagu, na jiya a dama, shi kuma ya sa abin da ke tsakani. Daga nan na daina yin kirdado. In ya zana ≲ na san ya ɗan lafa, in ya zana ≯ na san aƙalla bai ƙaru ba, in gode wa Allah in ɗora masa kunu.

Ana haka yayansa ya zo. Dillalin shanu ne a Maigatari, mutum mai kirki da hannu a sake, amma in ya yanke magana ta yanku. Ya ce asibiti sun yi nasu, yanzu sai a mayar da Malam gida Ɗanzomo wurin mahaifiyarsa a yi jinya, a haɗa da na gargajiya. Haka ake yi, mara lafiya in ciwo ya yi tsawo gidan uwa yake komawa. Na yi gardama iya gardama, na ce ni kaɗai nake gane abin da yake faɗa. Yaya ya ce ai ba a hana ni binsa ba. Lokacin ana dogon hutu, na tattara kayana na bi.

A Ɗanzomo kullum da hantsi ake fito da shi a shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, a jingina shi da matasai. Ƙasar wurin yashi ce mai laushi. Malam ya ga allo har allo. Ya fara zana alamominsa a gefen tabarma, manya-manya, yadda ba sai na miƙa masa hannu ba. A nan rigima ta tashi.

Inna, surukata, tsohuwa ce da ba ta ƙaunar ganin ko tsinke a tsakar gidanta, tsintsiya ba ta barin hannunta. Da ta ga zanen sai jikinta ya yi sanyi. Ta san rubutun allo, ta ga na boko a jikin buhu, wannan kuwa bai yi kama da ko ɗaya ba. Dama tun farko ba ta yarda hawan jini ne ya kayar da ɗanta ba, cewa take iska ce ta buge shi. Mai maganin da Yaya ya kawo daga wani ƙauye ya duƙa ya kalli zanen, ya ce ba Malam ne yake yi ba, waɗanda suka kama shi ne suke aron hannunsa suna aika wa 'yan'uwansu saƙo, kuma muddin aka bar zanen ya wuni a ƙasa ciwon ba zai tafi ba. Shi ke nan. Da Malam ya zana, Inna za ta zo da bisimilla ta share, ta yayyafa ruwan magani. Har safa aka sa masa a hannun, ya yi ta goga ta da tabarma sai da ya cire.

Ranar na manta da kunyar surukuta. Na ce, Inna, wannan lissafi ne, abin da ya ci abinci da shi duk rayuwarsa, da shi ya ɗora miki kwanon ɗakin nan. Na ce bakinsa kuke sharewa. Inna ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce ita ta haife shi, da Hausa ta yi masa magana da Hausa ya amsa mata, in yana da abin faɗa ai ita ya kamata ta fara ganewa. Yaya kuma ya ja ni gefe ya ce ba ƙarya yake cewa ina yi ba, amma mace mai son mijinta tana iya ganin magana a inda babu. Wannan ta fi yi mini ciwo. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na koma ba shi tafin hannuna a ɓoye, kamar masu satar hira.

Akwai ranar da ya zana mini ≫ a tafi, ya danna har farcensa ya bar shaida. Jikinsa ba zafi sosai, kowa yana cewa ai yau ya ma fi kyan gani. Ban saurari kowa ba, na fita bakin titi na ɗauko mota shata muka tafi Gumel. Likita ya ce fitsari ne ya riƙe masa, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Da muka dawo Yaya bai sake yi mini waccan maganar ba, ya ma biya kuɗin motar. Inna kuwa ba ta daina shara ba, sai dai na lura takan tsaya ta ɗan kalli zanen kafin ta sa tsintsiya.

Hutu ya ƙare, dole na koma aiki. Sai ya zama ranar Juma'a in an tashi daga makaranta nake hawa mota in tafi, in dawo Lahadi da yamma. Duk sauran kwanakin Malam yana magana da ƙasa, tsintsiya tana amsa masa. In na iso, kafin in ajiye jaka, kafin in sha ruwa, wurinsa nake fara zuwa in durƙusa in ce, "Malam, yaya jiki?" Shi kuma yana jira, yatsan a shirye. Yawanci ≮ ne, wani lokaci >. Ban taɓa jin daɗin ganinsu ba, amma na san gaskiya ce, kuma da gaskiyar nake sanin maganin da zan sayo da tambayar da zan yi wa likita. A duk watannin nan ko sau ɗaya bai zana mini ≪ ba. Nakan tsokane shi in ce, kai dai rowar alamar nan kake yi, ko sau ɗaya ka faranta mini mana. Sai gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa, ya share ƙasar da bayan hannu.

Ranar Laraba ce. An tura ni Gagarawa sa ido a jarrabawar 'yan aji shida, wayoyinmu duka a kashe a cikin jaka. Da aka tashi na kunna, kira ya yi ta shigowa. Ban tuna yadda na samu mota a Gagarawa Tasha ba, ban tuna canjin mota a Gumel ba. Na dai tuna da na sauka a Ɗanzomo na ga maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta. An riga an kai shi. Ban ga laifin kowa ba, gawa ba ta jira, ga zafin bazara. Amma ban gan shi ba, kuma wannan har yau bai bar ni ba.

Na shiga gida mata suka taso za su riƙe ni. Inna ta raba su, ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Ta ja ni gindin darbejiya. An naɗe tabarmar, amma shatinta yana nan a kan yashi, da gurbin da yake jingina. A gefen hagu, daidai inda hannunsa yake kaiwa, an kife wata babbar ƙwarya, an ɗora mata dutse. An share ko'ina tas, an kewaye ƙwaryar.

Inna ta ce tun da gari ya waye yake nishi, gumi yana karyo masa, bai taɓa shan wahala irin ta yau ba. Yaya ya fita neman mota. Shi kuwa sai zane yake, yana yi yana sharewa, hannun yana rawa ya ƙi ba shi yadda yake so, har ya samu ya fito. Ta zo da tsintsiya kamar kullum, sai ya cafke tsintsiyar. Ta ja, ya ƙi saki. Ya kalle ta, ya kalli ƙofar gida, ya sake kallonta. Ta ce a nan ta gane ba ita ake wa magana ba, kuma ba iskoki ake wa ba. Ta ajiye tsintsiyar ta ɗauko ƙwaryar da take bakace da ita ta kife, sannan ya saki jikinsa. Kafin motar ta iso rai ya yi halinsa.

Na durƙusa a inda na saba durƙusawa, a gefen kafaɗarsa. Na ɗauke dutsen, na ɗaga ƙwaryar. Baki biyu ne a jere, sun buɗe suna kallon dama, layukan a karkace amma ba wanda zai ce bai gane su ba. ≪. Ciwon yau ya gaza na jiya nesa ba kusa ba.

Haushi ne ya fara zuwa mini kafin kuka. Mutumin da ya kunyata ni a gaban baƙi shekara da shekaru don kada ya faɗi kalma ɗaya da ba daidai ba, wanda ya ƙi ce mini tuwona ya fi na uwarsa ko da wasa, wanda na roƙa wata da watanni ya hana ni, sai yau da yake fama da ransa ya tattara ƙarfin da ya rage masa ya yi mini ƙarya. Na so a ce yana nan in yi masa faɗa.

Inna ta tsuguna kusa da ni, gwiwoyinta suna ƙara. Ta ce, "'Yar nan, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce da sauƙi, Inna. Da sauƙi sosai."

Ta kalli yashin. Ta girgiza kai ta ce, "Ni na gan shi da idona. Babu wani sauƙi."

Na ce, "Na sani."

Sannan ta share fuskarta da bakin mayafi ta ce, "To, gaisuwarki ya amsa. Ya san za ki zo ki tambaya."

Ta karɓi ƙwaryar daga hannuna ta mayar ta kife, ta ɗora dutsen. A gidan na yi takaba. Kullum da safe ina jin tsintsiyarta daga ɗaki, tana tafe tana tafe, in ta zo gindin darbejiya sai ta yi shiru, sannan ta ci gaba daga can gefe.